Umaru 'Yar'aduwa da rumbun Katsina

Mutumin Gangara, a nan jihar Maraɗi, ba ya bukatar ɗan jagora in zai shiga ƙasar Katsina. Iyaka tana nan kudu da mu, amma gero da wake da aya suna ƙetare ta, aure yana ƙetare ta, naira tana kwana a aljihunmu tare da sefa. Har gobe kuma sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, tun da zuriyar tsofaffin sarakuna suka baro birnin bayan jihadi a 1807 suka kafa nasu a arewa. Abu ɗaya na lura yana rikita mutanenmu in ana hirar can, wato maganar gwamna. Mu ma muna da gwamna a Maraɗi, sai a ɗauka kujerar iri ɗaya ce. Ba haka ba ne. Namu daga Yamai ake naɗo shi, takarda ta kawo shi, takarda ta ɗauke shi, kamar yadda ake yi da prefen Gazawa ko na Agiye ko na Gidan Rumji. Nasu kuwa talakawa ne ke jefa masa ƙuri'a, ya yi shekara huɗu, in sun so su ƙara masa huɗu, daga nan ko ana sonsa kamar rai sai ya sauka. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne kuɗin jihar a hannunsa suke.

In kana son ka gane wannan kujera, zagaya bayan gidanku ka tsaya gaban rumbun gandu. Duk gidan ne aka sha wahalar abin da ke ciki. Yaro ya bi sahu yana jefa iri yana takewa da diddige, samari sun sha rana a noman fari da maimai, mata sun kai fura gona sun kuma riƙe nasu aikin. Da kaka aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, amalanke ta yi ta jigila, aka jera zangarniya har baki, aka ɗora jinka aka ɗaure. To, daga wannan rana mutum ɗaya ne ke da bakin cewa a buɗe. Hatsin ba nasa ba ne, nasa yana can cikin ɗan rumbun gamanarsa kamar na kowa. Amma shi ya san dami nawa aka zuba. Shi zai ce ga na ci, ga na iri, ga na haraji, ga wanda ba za a taɓa ba sai damina ta kankama, lokacin da aiki ke son ƙarfi kuma tiya ta yi tsada a kasuwa. In ya iya, sabon hatsi ya tarar da tsoho a gindin rumbu. In bai iya ba, tun shuka ba ta yi kai ba za ka ga mata sun shiga daji neman jiga da anza. Gwamnan jiha a Najeriya shi ne wannan mutum, sai dai gidan nasa babba ne: a ƙidayar 2006 mutanen jihar Katsina sun kusa miliyan shida.

Akwai bambanci guda, kuma ba ƙarami ba ne. Rumbun jihar ba daga gonar jihar ake cika shi ba. Gonar tana can kudu bakin teku, inda ake haƙo man fetur. Kowane wata kwamishinonin kuɗi su hallara a Abuja a yi rabo, gwamnatin tarayya ta ɗauki rabi da 'yan kai, jihohi 36 su raba abin da ya ɗan haura kwata, ƙananan hukumomi 774 su raba wajen kashi ɗaya cikin biyar. Harajin da Katsina ke tarawa da hannunta bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da wannan kaso. Ka kuwa san hatsin da ba a sha ranarsa ba yana da saurin fita. Mai gidan da hauya ta yi wa kanta a tafin hannu yakan yi tunani sau biyu kafin ya ɗaga jinka. Wanda kowane ƙarshen wata amalanke ke zuwa daga nesa ta juye masa, ba ya jin zafin kwasa, 'yan gidan ma ba su cika tambaya ba, tun da ba su ga shigarsa ba balle su ƙirga. Shi ya sa a can in aka samu gwamna mai riƙon amana sai ya zama abin ba da labari.

Wanda nake son mu duba shi ne Umaru Musa 'Yar'aduwa, gwamnan Katsina daga 1999 zuwa 2007. An haife shi a birnin Katsina ranar 16 ga Agusta 1951, a gidan da tsaron rumbu gado ne. Mahaifinsa, Musa 'Yar'aduwa, shi ne Matawallen Katsina, sarautar mai kula da baitulmalin sarki, kuma ya yi ministan harkokin Legas a gwamnatin Tafawa Ɓalewa. Shi ma Umaru daga baya an naɗa masa wannan rawani. Yayansa kuwa shi ne Janar Shehu, wanda ya zama na biyu ga Obasanjo a mulkin soja daga 1976 zuwa 1979. Irin gidan nan ne da in yaro ya ga dama sai ya miƙe ƙafa ya ci na banza har ya tsufa. Umaru karatu ya sa a gaba. Ya yi firamare a Rafukka da Dutsinma, ya yi sakandare a Keffi, ya wuce Barewa a Zariya, ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello ya karanta ilmin sinadarai da koyarwa, ya gama a 1975. Daga baya ya koma ya yi digiri na biyu a fannin awon sinadarai, wato aikin da mutum zai zauna gaban sikeli yana tantance abin da ke cikin abu, nawa ne na gaske, nawa ne gauraye. Duk matar da ta taɓa sayo tiyar gero ta dawo gida ta sheƙe, ta ga yashin da aka cakuɗa mata, ta san amfanin irin wannan ido. Ya riƙe alli shekaru a Legas da Zariya da Katsina, sannan a 1983 ya koma Funtuwa yana shugabantar wata babbar gona, Sambo Farms. Kafin ya taɓa kuɗin jama'a ya riga ya san yadda aji ke cika da yara babu benci, ya kuma san yadda damina ke yaudarar manomi.

Siyasarsa da saɓa wa gida ta fara. A jamhuriya ta biyu mahaifinsa jigo ne a NPN, jam'iyyar manya da masu riƙe da gari, shi kuwa ɗan sai ya bi Malam Aminu Kano a PRP, jam'iyyar talakawa. Tsofaffinmu da suka ga zamanin Sawaba da RDA sun san abin da ake nufi in aka ce uba yana can ɗa yana nan. Ɗan mai gida ne ya sauka daga inda ake aunawa ya koma cikin masu miƙa ƙwarya, ya ji da kunnensa abin da suke faɗa in mudu ya zo musu ba a cike ba. Ina ganin wannan zama ya bi shi har ƙarshen ransa. A 1988 ya shiga majalisar tsara tsarin mulki, ya bi tafiyar yayansa har cikin SDP, ya tsaya takarar gwamna a ƙarshen 1991, Sa'idu Barda na NRC ya kayar da shi. Ya koma harkokinsa. A Disambar 1997 Shehu ya rasu a kurkukun Abakaliki, zamanin Abacha. Da soja suka yi shirin sauka sai Umaru ya sake tsayawa a PDP, ya ci, aka rantsar da shi ranar 29 ga Mayu 1999.

Abu na farko da ya yi shi ne abin da har yanzu ake tuna shi da shi. Doka ta ce kowane mai muƙami ya rubuta abin da ya mallaka ya miƙa wa hukuma, amma takardar a aljihun tebur take kwana, talaka ba ya ganinta. Umaru ya fito da tasa fili, shi ne gwamna na farko da ya yi haka. Ka ɗauka ranar da za a danƙa wa mutum rumbun gandu, sai ya ce ku dakata, ku zo tukuna ku leƙa nawa. Ya ɗaga jinkar rumbun gamanarsa, ya sa yaro ya shiga ya ƙirga, dami kaza ne, ga awaki kaza a turke, ga tsohon keke a zaure. Daga ranar ya ɗaure kansa da kansa. In shekara ta zagayo aka ga ɗan rumbunsa ya haihu, na gandu kuma yana ramewa, ba sai an kira mai duba ba, ko yaron da ya yi ƙirgar zai iya faɗin inda hatsin ya bi. Mutumin da ke da niyyar kwasa ba ya yin haka. Da ya zama shugaban ƙasa a 2007 ma sai da ya maimaita, aka buga a jaridu cewa dukiyarsa ta kai wajen naira miliyan 856. Ba talaka ba ne, bai kuma ce shi talaka ba ne. Ya dai ce ga abin da na zo da shi.

Rumbun da ya tarar kuwa kusan wayam yake, ga bashi a kai. Jihar tun 1987 aka cire ta daga Kaduna, kuma mafi yawan shekarun nan a hannun soja ta yi su, wannan ya zo ya tafi, wancan ya zo ya tafi, babu wanda za a tsayar a tambaya. A nan dole a faɗi gaskiya guda don kada yabo ya wuce gona da iri: Umaru ya yi sa'ar damina. Lokacin da ya hau, gangar mai ba ta kai dala ashirin ta Amurka ba, kafin ya sauka ta haura sittin. Amalanken Abuja kowace shekara ƙara nauyi take. Amma ruwan nan bai zaɓi gona ba, a kan gwamnoni 36 ya sauka. A watan Satumbar 2006 shugaban hukumar EFCC mai yaƙi da cin hanci, Nuhu Ribaɗu, ya tsaya gaban majalisar dattawa ya ce 31 daga cikinsu ana bincikensu. Sunan gwamnan Katsina ba ya ciki. A gari ɗaya, a damina ɗaya, sai ka ga wani gida ya kai kaka da sauran tsoho, maƙwabcinsa kuwa tun watan uku da girbi yana cin bashi. Ba sai an tambayi sama ba, mai riƙe da bakin rumbu za a duba.

Yadda ya yi ba wani sihiri ba ne, kuma duk mai gidan kirki a nan zai gane shi. Abin da Katsinawa suka fi ba da labari shi ne ba ya ba da kwangila sai kuɗinta suna ajiye. Wannan ƙaramar magana ce a baki, amma ita ce gindin komai. Kun san yadda ake yi wa manomi in bazara ta matse shi: ya je wurin mai kuɗi ya karɓi 'yan jikkuna, a kan zai biya da dami in kaka ta yi, a farashin da mai kuɗin ya yanka. Hatsin yana tsaye kore a gona an riga an cinye shi. Haka gwamnoni da yawa suke yi. A aza harsashin asibiti da kiɗa da rawa, babu ko sisi a ƙasa, ɗan kwangila ya san sai ya yi shekaru yana bin bashinsa, don haka ya ninka farashi tun farko, aikin ya tsaya a rabin bango, wanda ya gaji kujera ya tarar da kango da takardun bashi. Umaru ya ƙi wannan. Sai an tara, sannan a kira ɗan kwangila, ya gama, a biya shi. Aikin yakan yi jinkirin farawa, amma in an fara ana ganin ƙarshensa, kuma mai aikin da ya tabbata za a biya shi ba ya da hujjar ninka kuɗi.

Sai kuma maganar gara. Ɓarawon da ya zo da dare ya yaye zana ya kwashi dami biyu, da safe kowa zai gani a yi kururuwa. Gara ba ta haka. Ta ƙasa take bi, ta cikin ƙafar rumbu, ba ƙara ba motsi, rumbu yana tsaye kyakkyawa daga waje, ranar da aka ɗaga jinka sai a tarar da ƙasa da ƙaiƙayi. Shi ya sa ake ɗora rumbu a kan duwatsu, mai gida kuma ya riƙa zagayawa yana duƙawa yana leƙa ƙarƙashi, in ya ga ɗan layin jar ƙasa ya hau itace ya kankare tun da wuri. A gwamnati garar ita ce sunayen ma'aikatan da babu su amma albashinsu na fita, da alawus na tafiyar da ba ta da dalili, da buhun siminti da aka rubuta a kuɗin uku, da ɗan wani abu da ake miƙa wa duk wanda ya zo gaisuwa. Ko wanne shi kaɗai ba ya kashe gida. Umaru mutum ne mai zama da fayil ya karanta shi layi layi, mai ƙarancin tafiye-tafiye, mai ƙarancin magana, ba ya son taro da tumasanci. Masu zuwa gidan gwamnati da roƙo sun sha komawa hannu rabbana, kuma ba su yafe masa ba. Da ya sauka a 2007, ya bar wa magajinsa Ibrahim Shema biliyoyin naira a asusu, abin da a lokacin ba a saba ji ba.

Amma inda na fi ganin hankalinsa shi ne wajen iri. Kowa ya san zangarniyar da ake warewa tun a gona, manya masu cikar ido, a ɗaure su daban a rataye inda hayaƙi ke kaiwa ko a sa su can ƙasan rumbu. Ko yara na kuka ba a taɓa su, don wanda ya daka irinsa ya ƙoshi dare ɗaya ya sayi yunwar shekara. Irin jiha shi ne makaranta, kuma tsohon malami bai manta ba. Babban kaso na abin da ya tara a can ya zuba shi: gina azuzuwa da gyara tsofaffi a birni da ƙauye, har aka kai ga kafa jami'ar jiha a 2006, wadda yanzu take ɗauke da sunansa, tana nan kan hanyar Dutsinma. Ya yi hanyoyi da asibitoci da ayyukan ruwa, amma waɗannan kowane gwamna yana son su, don ana yanka ƙyalle a ɗauki hoto. Makarantar firamare ba ta da wannan daɗi. Yaron da aka sa aji ɗaya yau, sai gwamnan ya daɗe da sauka kafin ya zama malamin asibiti. Mai neman a tafa masa gobe da safe ba ya shuka abin da sai bayan shekara goma sha biyar zai yi ido.

To, kada a ce ba shi da laifi. Akwai ƙorafin da na ɗauka da nauyi, kuma mu mutanen jihar Maraɗi mun fi kowa sanin zafinsa. A 2004 fari da fara suka haɗu mana, 2005 ta zo da yunwar da ta cika cibiyoyin jinya da yara a Maraɗi da Agiye da sauran garuruwa, a yankin da ake kira rumbun Nijar. A shekarar an ga gidajen da mai gida ya ɗaure rumbu ya tafi cin rani, da niyyar a adana don aikin damina, mata da yara kuwa suna kwana da ganye a ciki, ga hatsi a bayan ɗaki babu mai ikon taɓawa. Niyyarsa ba mugunta ba ce, lissafi ne. Amma yaron da ya rame a watan bazara ba ya jiran lissafi. Masu sukar Umaru kusan haka suke cewa: me ake da biliyoyi a banki alhali matasa na barin ƙauye, almajirai sun cika titi, asibitin karkara ba magani? Sun ce yana da sanyin jiki, yana da wuyar gani, 'yan tsirarun da ya amince da su ne kawai ke kaiwa gare shi, su ne kuma ke samun manyan ayyuka. Ni dai ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ajiya ba ita ce manufa ba, ciyarwa ce manufa, kuma Katsina da ya bari tana cikin jihohin da talauci ya yi wa katutu. Sai dai in aka ce in zaɓa tsakanin mai gidan da ya makara wajen buɗewa da wanda ya sayar da hatsin ya ƙara aure, ba zan yi dogon tunani ba. Na farko ana iya taruwa a yi masa magana ya buɗe, don hatsin yana nan.

Akwai kuma abin da ba laifinsa shi kaɗai ba ne, na tsarin ne. A zamaninsa kason ƙananan hukumomi, su 34 a Katsina, ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi, wato ƙananan rumbunan gida ma bakinsu yana hannun babban. In an dace da mai amana a ga aiki, in ba a dace ba shugaban ƙaramar hukuma ya zauna yana jiran abin da aka ga damar tsakuro masa. Sai a Yulin 2024 kotun ƙoli ta ce a riƙa ba su nasu kai tsaye. Majalisar dokokin jiha, wadda ita ce dattawan gida da ya kamata su ce kawo mu ga lissafi kafin su amince da kasafin kuɗi, sau da yawa a jihohin Najeriya 'yan amshin shata ne. Ka ga ke nan alherin da Katsina ta gani a shekarun nan takwas ya fi dogara da halin mutum ɗaya. A zamaninsa ne kuma jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, bayan Zamfara ta buɗe hanya. Bai yi ta da hayaniya ba, kuma a ganina abin da ya yi da baitulmali yana cikin shari'ar da talaka ya fi bukata.

Abin da ya biyo baya gajere ne kuma mai ban tausayi. Tun a 2000 ciwon ƙoda ya kwantar da shi har aka kai shi Jamus. Duk da haka Obasanjo, wanda ke shugabancin ƙasa a lokacin, ya ɗauko shi a ƙarshen 2006 ya tsayar da shi takarar shugaban ƙasa, mutumin da mutane da yawa a kudu ba su ma san fuskarsa ba. A zaɓen Afrilun 2007 ya kara da wani Bakatsinen, Muhammadu Buhari na Daura, da Atiku Abubakar. Zaɓen ya cika da maguɗi, masu sa ido na gida da na waje duk sun faɗa, shi ma ranar rantsuwa ya amsa da bakinsa cewa akwai kura-kurai, ya kafa kwamitin mai shari'a Muhammadu Uwais don gyara. Kotun ƙoli da ƙyar ta tabbatar da shi, alƙalai huɗu a kan uku. Ya janye ƙarin kuɗin mai da ya tarar, ya yi wa masu ɗauke da makamai a Neja Dalta afuwa a 2009, har mai ya dawo yana gudana. Amma tafiyar sannu da ta yi masa rana a Katsina, a Abuja gajiyar da mutane ta yi, jikin kuma ya ƙi.

Ranar 23 ga Nuwamba 2009 aka fita da shi zuwa Jidda, kuma a nan ne aka yi abin da ko a ƙauye ba a yi. Mai gida in zai yi doguwar tafiya, ko ciwo ya kayar da shi, yakan kira ƙanensa gaban shaidu ya ce ga rumbu nan, kai za ka riƙa buɗewa har in dawo. Takardar miƙa wa mataimaki mulki kuwa ba a aika wa majalisa ba. Wata biyu da rabi ƙasa mai mutum sama da miliyan ɗari da arba'in tana zaune babu mai sa hannu, ana ta jita-jita, sai ranar 9 ga Fabrairu 2010 majalisa ta yi ta maza ta ɗora mataimakinsa Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi. Ko Umaru ne ya ƙi, ko na kusa da shi ne suka riƙe takardar, nauyin yana wuyan gidansa, kuma tabo ne a kan mutumin da ya yi suna da bin doka. An dawo da shi Abuja cikin dare, bai sake fitowa bainar jama'a ba. Ya rasu ranar 5 ga Mayu 2010 yana da shekara 58, washegari aka yi masa sutura a maƙabartar Ɗanmarna a Katsina. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa.

Mu a nan ba mu taɓa zaɓen gwamna ba, amma mun ɗan taɓa irin wannan iko. A 2004 aka fara zaɓen kansiloli da magadan gari a ƙananan hukumomi irin Gangara, a 2011 aka ƙara da majalisar jiha a Maraɗi mai nata shugaban, ko da yake abin da ake zuba musu bai fi cikin ƙwarya ba in aka gwada da na Katsina. A Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rusa majalisun ta naɗa wakilai. Duk ranar da akwatin zaɓe ya dawo, ɗan'uwa, in ɗan takara ya zo da atamfa da sabulu da ɗan abin shan ruwa, ka ce masa ya tsaya a dandali ya faɗi gonakinsa da shanunsa da gidajensa kowa na ji, ya kuma yi alkawarin kowace shekara za a karanta kasafin ƙaramar hukuma da Hausa a ranar kasuwa. Kafin ranar ta zo, akwai wanda yake hannunmu yanzu. Ƙauyuka da yawa suna da rumbun tsimi da kwamitinsa. In an kira taro ka je, ka ɗauki matarka ku tafi tare, ku nemi a buɗe a ƙirga buhunan a gabanku tun damina ba ta faɗi ba.